Fanteka, Hawan Kibo da Bututun Birkin Kawu

Motar Kawu ta girmi yawancin direbobin da ke wuce ta a hanya. Peugeot 504 ce doguwa, mai kujeru layi uku, haɗin Kaduna, wadda ya saya da bashin mota tun yana ma'aikacin gwamnati. 'Ya'yansa sun yi lallashi, sun yi fushi, a kan ya bari a sayo masa wata 'yar ƙarama ta zamani, ya ce shi da Fijo mutu-ka-raba. Da aka sa ranar bikin jikarsa a Lafiya, ya kuma dage sai ya biya ta Jos ya ɗauki ƙanwarsa, sai aka yi sulhu bisa sharaɗi ɗaya: in dai da wannan mota za a gangara Hawan Kibo, to sai an sake mata birkin gaba tukuna. Ni aka ɗora wa rakiya da tuƙi, don idanun Kawu sun fara gardama da hasken fitilar manyan motoci.

Mun bar Zariya bayan sallar asuba. Jaji, Birnin Yero, Mararrabar Jos inda tankoki ke jere a kafaɗar titi, Rigachikun, sai ga Kawo. A wannan 'yar tazarar na fahimci abin da ya sa 'ya'yan suka kafe. Birkin yana kamawa, ba a ce ba ya kamawa ba, amma sai ƙafa ta yi nisa kafin ya amsa, in kuma ya amsa sai motar ta ɗan karkata dama. Kawu ya saba da hakan har ya daina ji. Hannunsa ne ke gyara karkatar ba tare da ya sani ba.

Duk wanda ya girma a Arewa ba ya buƙatar a gabatar masa da 504. A Faransa ta fito a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Kakuri ta fara haɗa motoci a Kaduna. Faransawa sun daɗe da barin ta, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. A zamaninta ita ce motar sakatare, ita ce ta ɗan sanda, ita ce ta haya daga Kano zuwa Maiduguri da kaya har saman rufi. Abin da ya rayar da ita zuwa yau shi ne kowane gari akwai wanda ya san cikinta. Wannan kuma shi ne matsalarta, domin duk hannun da ya taɓa ta ya bar mata tabo, kuma ba duka hannuwan ne suka san abin da suke yi ba.

Fanteka, kasuwar ƙere-ƙere da kayan mota, biyu ce a Kaduna. Tsohuwar tana Tudun Wada, kusa da kwalejin fasaha, inda maƙera da masu walda da kafintoci ke ƙera kusan duk abin da ka iya kwatantawa da hannu, daga tukunyar biki zuwa injin niƙa. Kayan motocin da aka yanka kuwa, a lokacin da muka je, sun fi yawa a sabuwar, can gefen baifas. Nan muka dosa. Ƙasar wurin baƙa ce saboda man da ta sha shekara da shekaru, ga ƙofofin mota jingine a jere, ga injuna a ƙasa an lulluɓe su da buhu, ga 'yan kamasho da ke tare ka tun kafin ka kashe mota suna tambayar abin da kake nema.

Bakaniken da aka haɗa mu da shi dattijo ne, gajere, mai furfura a gemu, wanda bai taɓa barin aikin Fijo ya koma wata mota ba. Kawu na kiransa Injiniya, shi kuma yana ce masa Alhaji. Shawararsa ita ce a ɗauko kayan gaba na 505, ƙanwar 504 da ta fito a 1979. Gida ɗaya suka fito, ƙafafunsu sun yi kusa da juna, kuma wasu daga cikin 505 suna da faifan birki mai kauri da ramuka a tsakiya, inda iska ke ratsawa ta kwashe zafi. A gangara mai tsawo, zafi ne abokin gabar birki, don haka wannan faifan ya fi falle ɗayan da ke jikin motar Kawu juriya.

Wannan ɓangaren bai ɗauki lokaci ba. Aka samo kayan, Injiniya ya juya faifan, ya shafa shi da yatsa ya ji ko ya yi kwari, ya tura fistin ɗin kalifa, abin da ke matse faifan, ya ga yana komawa lafiya. Kawu ya biya ba tare da dogon ciniki ba, don abu ne mai nauyi, mai ƙyalli, wanda ido ke ganin inda kuɗi ya shiga. Kafin azahar yara sun ɗaura komai. Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce, “To Injiniya, sai a zuba mai mu kama hanya ko?”

“Alhaji, ai yanzu aikin zai fara,” in ji shi. Ya tsuguna ya jawo tsohon tiyon roba da ke kai mai zuwa taya, ya miƙa shi wajen sabon kalifa. Saura kamar faɗin yatsu biyu ya isa, kuma mazauninsa ma ba ta wannan fuskar yake kallo ba.

A nan ne na fara koyon abin da ya sa nake rubuta wannan labari. Tsakanin ƙafar direba da taya ba ƙarfe ba ne ke kai saƙo, mai ne, a cikin bututu siriri mai kaurin milimita 4.75, wanda masu awon inci ke kira 3/16. Bututun ƙarfe ne ke bin jikin mota daga masta, famfon da ke tura man in an taka birki, har zuwa kusa da taya, daga nan tiyon roba ya karɓa, domin taya tana hawa da sauka, tana kuma juyawa da sitiyari. Mai faci in ya ɗora gejinsa a tayar ƙaramar mota, 30 da 'yan kai yake nema. A wannan ma'aunin dai, in direba ya danne birki don ceton rai, matsin da ke cikin bututun yakan haura 1,000. Duk wata mahaɗa da ke kan hanyar man sai ta ɗauki wannan nauyi, kuma ba a ranar da aka ɗaura ta a gareji ake gwada ta ba, sai ranar da akuya ko yaro ya faɗo titi.

Injiniya ya aiki babban yaronsa ya nemo tiyo mai tsawo. Ba a jima ba ya dawo da guda biyu masu kyau, tsawonsu daidai, ya murɗa notin bututun a ciki ya shige sumul. Yaron ya ɗago yana murmushi. Maigidansa bai ce komai ba, sai ya ce ya kwance, ya karɓi wayata ya kunna fitila ya haska cikin bakin tiyon, ya ce in leƙa. A can ƙasan ramin akwai ɗan tsini a tsaye. Ya haska na tsohon tiyon, shi kuma ƙasansa a lotse yake.

“Wannan na motar Japan ne,” ya ce da yaron. “Haƙoran noti ɗaya ne, baki ne ba ɗaya ba. Mayar musu.”

Bayanin da ya yi mini, ina tsugune kusa da shi, ga shi a taƙaice. Ba haƙoran noti ne ke hana mai zuba ba. Aikin noti shi ne ya danna bakin bututu a kan mazauninsa, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, a nan ake toshe hanya. Bakin kuwa iri biyu ne. Yawancin motocin Turai bakin bututunsu a kumbure yake, dunƙulalle, yana zama cikin mazauni mai lotsawa. Na motocin Japan da na Amurka an buɗa shi ne aka ninke leɓensa ciki, ya zama kamar bakin mazurari, yana hawa kan wancan tsinin. In ka haɗa mai kumburi da mai tsini, tudu ya gamu da tudu ke nan. Da ƙarfin sifana za su matse har su yi shiru na ɗan lokaci, amma bakin ya riga ya murƙushe, kuma wata rana zai buɗe. Shi ya sa, in ji shi, farin zaren roba da masu gyaran famfo ke naɗawa a haƙoran fayif ba shi da wani amfani a birki. Wanda ka ga ya naɗa shi, ya gaya maka bai san inda man ke tsayawa ba.

Su ma haƙoran suna da nasu tarkon, kuma ya fi wancan muni. Noti iri biyu ne suka fi yawo a motocin da ke ƙasar nan. Akwai na awon mita, kaurinsa milimita 10, tazarar haƙoransa milimita 1. Akwai na awon inci, 3/8, mai haƙora 24 a kowane inci, na motocin Amurka da tsofaffin motocin Ingila irin Land Rover ta da. In aka juya lissafin, na incin kaurinsa milimita 9.5 ne, tazararsa kuma ta ɗara milimita 1 da ɗan ƙanƙanin abu. Saboda haka yana shiga ramin na mita, yana murɗuwa, har ya yi kamar ya ɗauru, alhali bakin haƙoran kawai ya kama. Ido ba ya rarrabe su. Injiniya da yatsu yake rarrabewa: noti na gaskiya yana shiga har kusan ƙarshe da hannu kawai, ba ya girgiza, ba ya cijewa. Wanda ya yi sako-sako ko ya nemi sifana tun daga zagaye na biyu, ba na wurin ba ne. Ya ƙara da cewa ko lambar sifana tana ba da labari, don notin motocin Turai galibi 11 ne, na Japan 10, amma wannan alama ce kawai, ba hujja ba.

Da aka bi sauran bututun motar Kawu da fitila, sai tarihinta ya fito fili. A wani wuri an taɓa yanke bututu aka haɗa shi da walda. A wani wurin an sa jan ƙarfe irin wanda masu gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki ke amfani da shi. Kawu ya tuna ranar, a wata tafiya ce mai nisa, dare ya yi, kuma wanda ya yi masa aikin har addu'a ya sha. Ban ga laifin mai neman isa gida da daddare ba. Laifin shi ne gyaran dare ɗaya ya zauna shekaru. Jan ƙarfe zalla yana da daɗin lanƙwasa, amma girgizar mota tana taurara shi a hankali har ya tsage, yawanci daf da noti. Bututun birki na asali ƙarfe ne mai ninki biyu. Akwai kuma wani na gaurayen jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, wanda kamfanin Volvo ya fara sa wa motocinsa a 1976 saboda ba ya tsatsa. Shi wannan yana da kyau, sai dai kamanninsa da na firiji na rikita mutane, kuma mai sayarwa ba lallai ne ya gaya maka gaskiya ba.

Tiyon da ya fara jawo karkatar ma an gano shi. Daga waje lafiyarsa ƙalau, amma da aka hura shi iska ba ta wucewa sai da ƙyar. Roba in ta tsufa takan kumbura ta ciki, ta rage wa mai hanya. Tayar da ke wannan gefen sai ta makara wajen kamawa, wani lokaci kuma ta ƙi sakin birki bayan an ɗaga ƙafa.

Yanzu sai maganar yadda za a haɗa sabo da tsoho. Wani maƙwabcin gareji da ya zo kallo ya ce ai akwai 'yan ƙananan mahaɗai da ake sayarwa, gefe ɗaya na wannan iri, ɗaya gefen na wancan, a ɗaura a wuce wurin. Injiniya bai musa ba. Ya ce mahaɗi na kirki guda ɗaya, wanda aka yi don birki, ba haramun ba ne. Abin da ba ya yarda da shi shi ne a jera biyu ko uku a kan juna, ko a ɗauko na famfon ruwa ko na gas. Kowace mahaɗa ƙofa ce, in ji shi, kuma shi ya fi son gida mai ƙarancin ƙofofi. Tunda ya riga ya sa Kawu ya sayi mastan wannan 505 ɗin tare da kalifofinta, don yawan man da masta ke turawa ya dace da girman fistin ɗin da zai tura, kuma ramukan sabon mastan ba su zauna daidai inda na tsohon suke ba, sai ya yanke shawarar a ƙera bututun gaba sababbi gaba ɗaya, a kuma nemo tiyo na Fijo na ainihi, sabo, ba na gwanjo ba.

A nan ne Kawu ya turje. Mutumin da ya biya kuɗin faifai da kalifa bai ce uffan ba, sai ga shi yana ciniki a kan bututu har da rantsuwa. “Wannan ɗan siririn abin?” Na lura ba shi kaɗai ba ne. Haka muke da mota: fenti, fitila, rediyo da taya mai ado ba ma jin ciwon kuɗinsu, amma abin da ke ƙarƙashi, wanda baƙi ba za su gani a wurin biki ba, shi muke nema a rage mana. Injiniya ya bar shi ya gama, sa'an nan ya ce, “Alhaji, in kana so in rage, sai in rage a ladana. A bututu kam ba zan rage ba.” Kawu ya yi tsaki, ya ciro kuɗin.

Kallon ƙera bututun ya biya ni zaman yinin. Bai yanka da zarto ba, da 'yar na'ura mai faifai ya zagaya shi har ya rabu, bakin ya fito a miƙe. Ya kankare cikin bakin, ya hure garin ƙarfen. Ya zura noti tukuna, yana gaya wa yaran cewa babu bakaniken da bai taɓa buɗa baki mai kyau ba sa'an nan ya waiga ya ga noti a ƙasa. Ya damƙe bututun a cikin abin buɗa baki, ya ɗiga man birki a kan tsinin, ya murɗa a hankali. Na farko ya fito a ɗan karkace, kaɗan ƙwarai, ni ban ma gani ba sai da ya nuna mini. Ya yanke shi ya jefar ya sake. Wajen lanƙwasa kuma ya ajiye tsohon bututun a gefe yana bin fasalinsa, yana naɗa sabon a jikin wani zagayayyen ƙarfe don kada ya karye ya toshe. Ya nisanta shi da salansa, ya maƙale shi a jikin mota a kowane maƙali, har da waɗanda suka karye tuntuni ya sa aka yi sababbi. Inda bututu ke haɗuwa da tiyo dole ya zauna a kan ƙarfen da ke manne da jikin mota. In aka bar mahaɗar tana lilo, bututun ƙarfe ne zai riƙa lanƙwasuwa a madadin roba, kuma ƙarfe ba ya yafe wannan.

Tiyon sababbi sun zo da lambar J1401 a jikinsu, wadda ita ce ƙa'idar da ake gwada tiyon birki da ita, da kuma wani layi da ya bi tsawonsu. Layin ba ado ba ne, shi ke nuna ko tiyo ya murɗe wajen ɗauri. Injiniya ya sa aka ɗaga motar har tayoyin suka yi reto, ya sa ni na karya sitiyari zuwa ƙarshen hagu, sa'an nan ƙarshen dama, yana kwance a ƙasa yana duba ko tiyon ya miƙe tsam ko ya taɓa taya ko sifirin. Aka sauke motar, ya sa yara uku suka zauna a kan gabanta, aka maimaita. Gajeren tiyo yana tsinkewa a rami, dogo kuma taya ce ke cinye shi a hankali. Ya kuma duba cewa ɗan notin fitar da iska yana sama a kowane kalifa, domin in aka musanya na hagu da na dama sai ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, ko kwana aka yi ana bugawa ba za ta fita ba.

Man da ya fito daga motar baƙi ne ƙirin. Man birki yana shan danshin iska, ruwan da ya sha kuma yana rage masa juriyar zafi. Mai lamba DOT 4 in sabo ne ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 ne zuwa 140. In ya tafasa a tsakiyar gangara sai ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai ƙafa ta tafi har ƙasa babu komai. Wannan shi ne rabin labaran “birki ya shanye” da muke ji. Shi ya sa ake son a sauya man duk bayan shekara biyu, abin da ban taɓa ganin wani a danginmu ya yi ba. Masu zuba ruwan garin sabulu ko man inji kuwa, ban san abin da zan ce musu ba, don man inji yana kumbura robobin birki ya lalata su duka.

Sai da magariba ta gabato aka fara fitar da iska. Yaro ɗaya a kujerar direba, Injiniya a gindin taya da sifana da kwalba. “Taka! Taka! Riƙe!” Ya buɗe, ya rufe. “Saki!” Daga tayar da ta fi nisa da masta aka fara. Da aka gama ya tayar da injin, ya danne birki da duk ƙarfinsa ya riƙe na kusan minti guda yana jin ko zai nutse, sa'an nan ya bi kowace mahaɗa da farar takarda. Ya ce mu kwana a Kaduna, gobe kuma mu yi ta taka birki a hankali a farkon tafiya har sabon fad ya zauna a kan faifai, mu kuma duba ƙarƙashi a zangon farko.

Washegari muka koma Mararrabar Jos muka karya gabas. Hanyar Fambeguwa ta gwada tiyon fiye da yadda yara uku suka gwada su. A Saminaka, ƙasar masara, muka tsaya shan shayi, na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi da takarda. Gaba a bushe yake ƙamas. Amma can baya, kusa da ɗan bawul ɗin da ke rage wa tayoyin baya matsi gwargwadon nauyin kaya, takardar ta jiƙe kaɗan. Tsohon bututu ne da ba a taɓa ba, tsatsa ta ci shi a ƙarƙashin maƙali. Tsohon masta ba shi da ƙarfin da zai tona asirinsa, sabon ya tona.

Muka lallaɓa, ina leƙa kwalbar mai a kowane gari. Daga Jingir hanya ta fara hawa, duwatsu suka fara fitowa, iska ta sauya. Kafin mu shiga Jos muka tsaya a wani gareji na bakin hanya. Saurayin da ya duba ya ce abu mai sauƙi ne, zai daddale bututun da guduma ya kashe birkin bayan, ai na gaba sabo ne, ya isa. Na ga Kawu ya fara gyaɗa kai, don rana ta yi kuma ƙanwarsa Inna tana jira. Gaskiya ne gaba ce ke ɗaukar wajen kashi biyu bisa uku na aikin tsayar da mota. Amma doguwar mota cike da mutane da kayan biki a baya, in aka ɗora wa gaba dukan aikin, zafin da aka sayi sabon faifai don a guje masa shi za a tara masa. Na kira Injiniya na miƙa wa Kawu wayar. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ji Kawu yana cewa, “To, to, na ji, Allah ya huci zuciyarka.” Muka shiga gari, a Dilimi muka sami mai abin buɗa baki, na kuma tsaya a kansa har na ga bakin da ya fitar mai kumburi ne irin na sauran.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma duk wanda zai nufi kudu sai ya sauke wani kaso mai yawa na wannan tsayin a 'yar gajeriyar tazara. Da safe muka ɗauki Inna da ƙullin kayanta, da buhun dankalin Turawa da ta ce ba za ta je biki hannu rabbana ba. Bukur, tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa, Mararrabar Jama'a, sai duwatsun Riyom da ke ɗore a kan juna. Daga nan hira ta fara raguwa a motar. Inna ta ciro carbi.

Hawan Kibo ba tsayinsa kaɗai ne abin tsoro ba, tsawonsa ne da kwanoninsa, da kuma manyan motocin da kake rabawa da su. Masu hawowa suna tafe suna nishi, karen mota na biye da weji a hannu. Masu gangarawa kuma warin fad ɗinsu da ya ƙone yana riga su isowa. A gefen kwari akwai gawarwakin motoci da ba wanda ya damu ya janye, kuma ba banza ba jami'an kiyaye haɗurra suka kafa sansani a yankin. Na sa giya ta biyu tun daga sama, na bar injin yana riƙe motar, ina danna birki sosai na ɗan lokaci in sake shi ya sha iska, maimakon in ɗora ƙafa a kai har ƙasa. Sabon birki ba ya sauya wannan ƙa'idar. Abin da ya sauya shi ne duk lokacin da na taka, a wuri ɗaya nake samunsa, a kwanar ƙarshe kamar yadda yake a ta farko, kuma motar ba ta karkata ko'ina ba.

A ƙasa, kusa da inda ruwan Assop ke zubowa, na tsaya na zagaya motar. Zafi na tashi daga tayoyin gaba har ba a iya kai hannu kusa, amma mahaɗai duka a bushe suke, man kwalba kuma bai motsa daga layinsa ba. Kawu bai fito ba. Ta taga ya ce, “Ka gani ko? Na gaya musu motar nan lafiyarta ƙalau.” Daga Fores muka bi ta Gwantu zuwa Akwanga, zafi ya dawo, muka isa Lafiya ana kiran la'asar.

Duka kuɗin bututu da tiyo da notuna da man da aka zuba, na Kaduna da na Jos, bai kai na sabuwar taya ɗaya ba. Mai tsohuwar mota da ke shirin ƙara mata ƙarfin birki, kafin ka biya, ka ce a nuna maka bakin bututun da cikin ramin da zai shiga, ka sa a ɗaga motar a karya sitiyari hagu da dama kana kallon tiyo, a kuma bi bututun baya da fitila har ƙarshe. In bakaniken ba shi da abin buɗa baki, ko ka ga ya ɗauko farin zare ko guduma, ka ba shi kuɗin shan ruwa ka kai motarka wani wuri.